Furen da Ya Fi Doki Ci

Shekaranjiya jikata Zalika ta shigo mini da ƙawayenta biyu, kowace da waya a hannu, wai sun gama shawara za su buɗe sana'ar ƙawata ɗaki da furanni. Na ce madalla, wurin wa za ku koya? Suka dubi juna suka tuntsire da dariya. Ashe sun riga sun koya, da safen nan, kafin ruwan shayi ya tafasa. Zalika ta miƙo mini wayar, na ga wata mata mai zaƙo-zaƙon farce tana cusa furen roba a cikin kwalba, ta juya shi hagu, ta juya shi dama, an gama, har da kiɗa. Na ce lalle ni ce sakarya, da na ƙare ƙuruciyata ina ƙona yatsu a kan abin da ake koya kafin shayi ya tafasa. To, yatsun sun tafi, amma bakin yana nan. Na ce su ajiye wayoyin su zauna. Abin da na faɗa musu shi zan maimaita a nan, don na san rabinsa bai shiga ba.

Ni wurin Iya Fanna na koya, a unguwar Birni, nan Damagaram. Babarbariya ce, gajeruwa, wadda ba ta dariya sai in wani ya ƙone. Tana yarinya ta yi wanki a gidan wata madam, matar wani Nasara, a can ta ga yadda ake yanka siliki a mai da shi fure, ta sace sana'ar da ido. Uwata ta kai ni wurinta ne saboda na gagara a gida: saƙar faifai ban iya ba, kaɗi ban iya ba, sai baki. Iya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Bakin ma zai yi amfani. Za ta hura wuta."

Haka kuwa aka yi. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, ban taɓa siliki ba. Aikina hura gawayi da damun sitati. Ku da kuke sayen komai a leda ba ku san shi ba. Garin rogo ne, a tankaɗe shi ya yi laushi, a dama da ruwan sanyi, a ɗora a wuta ana juyawa ba tsayawa har ya yi sheƙi. Iya tana ce masa amido, yadda madam ɗinta take faɗa, mutanen Kano su ce sitati. Shi ne ƙashin fure. Siliki ba ya tsayawa da kansa. In ba a tsoma shi a sitati an shanya ba, duk gwanintarki abin da za ki samu tsumma ne a kan waya. Kuma ba a gane nunarsa da ido, da harshe ake ganewa. Iya takan lakato da ɗan yatsa ta ɗanɗana, in ya yi ta yi shiru, in bai yi ba ta ce in sake. Na sha sitati a gidan nan fiye da yadda na sha kunu a gidanmu.

Furen farko da na yi na ɗakin wata amarya ne a Sabon Gari, 'yar wani mahauci. Iya ta zube mini kayan aiki a tabarma. Ga ɗan almakashi, wanda in kika yanka wani abu da shi ban da siliki kin shiga uku. Ga ƙarafa masu dunƙulallen kai, manya da ƙanana, da wani maƙeri ya ƙera mata. Ga ɗan matashi cike da yashi, ga ƙaro a gwangwani na liƙi, ga wayar da muke cirowa daga tsohuwar taya in an ƙona ta. Silikin kuwa ragowar yankan teloli ne, da tsofaffin kallabi, da shafin cikin kwat na 'yan gwanjo. A yanka ganyen fure ɗaya-ɗaya, a ɗora a kan matashin, a ciro ƙarfe daga gawayi a danna a murza har ya lotsa ya yi kwarmi. In ƙarfen ya cika zafi siliki ya ƙone, in ya huce siliki ya ƙi lanƙwasa. A kusa da kunci ake gwada zafin. Ga tabon nan har yau a gefen bakina, duk wanda ya tambaya nakan ce masa diflom ɗina ke nan.

Na yi kwanaki ina fama, na haɗa dami guda, kowane fure a miƙe, kowane daidai da ɗan'uwansa. Na kai wa Iya ina jiran yabo. Ta juya shi ta ce, "Wannan fure ne, ko sojoji ne a fareti?" Ta kama ɗaya ta karya masa wuya, ta kama wani ta goga masa ɗan ruwan goro a gefe kamar ya fara bushewa. Ta ce, "A kowane dami ki bar ɗaya ya gaji. In duka suka miƙe, ƙaryarki ta fito." Uwar amarya kuwa da muka ɗora shi a kan jeren kwanuka ta ce mun kawo mata lalatacce. Sai da Iya ta rantse mata cewa haka matan kumandan, Nasaran da ke mulkin gari, suke so, sa'an nan ta ce ai ita ma tun farko ta ga kyansa.

Rini ma nasa karatun daban. Rawaya da gangamau muke yi, saiwar nan da ake sawa a miya. Ja mai ƙarfi da kore kuwa galura ce ta kasuwa, daga Kano ake kawo ta, mai ɗaci, in ta taɓa harshe sai kin wuni kina tofi. Fari ba a yi masa komai, shi ya sa ya fi kowane wuya, don ba inda kuskure zai ɓuya a jikinsa.

Masu saye kuwa, Allah ya ba ku haƙurin da ban samu ba. Duk wanda ya karɓi furen siliki sai ya kai hanci. Ya sani sarai tsumma ne, amma sai ya shinshina, sa'an nan ya dube ki kamar kin cuce shi. Akwai wani tsohon soja mai fansho da na yi wa dami na ɗakin baƙinsa. Bayan 'yan watanni ya aiko a kira ni, ransa a ɓace, wai furen ya yi tsatsa. Na leƙa cikin tulun da ya sa furen na ga ruwa. Ashe kullum da safe sai ya ba shi ruwa, a Damagaram, garin da ake bin ɗan garuwa da lallashi. Na ce, "Baba, ai da ka ƙara haƙuri kaɗan, ya kusa yin 'ya'ya." Bai sake aiko mini ba.

Abin da wayarku ba ta nuna muku ba shi ne, a sana'armu ba a sayar da fure a juya baya. Sitati yana sakewa. Hayaƙin turare, hannun baƙi, laimar damina, duk suna kwantar da shi. Don haka kowace mai fure tana da gidajenta da take zagayawa tana abin da muke kira tayarwa: a warware dami, a wanke, a tsoma a sabon sitati, a sake gasawa da ƙarfe, a mayar. Al'adar kuwa, garin rogo da gawayi na masu gida ne, hannu ne naki. A auna miki garin ki tafi da shi gida, ki yi aikinki ki dawo. Da tayarwa muke ci, ba da sabon fure ba.

Iya ta rasu ta bar mini ƙarafanta. Na yi aure, na haihu, ina zagaya gidajena, sai babban fari ya zo. Ba sai na ba ku labarinsa duka ba, tsofaffin ƙauye sun fi ni sani. Damina ta yi alkawari ta saɓa, ta sake yi ta sake saɓawa. Mutanen Hamdara da na Garagumsa, har na Damagaram Takaya, suka riƙa shigowa gari a ƙasa, daga su sai tabarma da tukunya, suka kafa bukkoki a bayan gari. Ana jiƙa anza kwana da kwanaki a cire ɗacinta a ci, ana tone gidan tururuwa a kwashe abin da ta tara. A irin wannan shekara, ku yi tunanin mace ta yi sallama a ƙofar gida ta ce ta zo tayar da fure. Gidajena suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Wata ma ta ce mini, "Ke Mariyama, in dai kin iya tayarwa, ga mijina can a kwance, fara da shi."

Gida ɗaya ya rage mini, gidan Hajiya Uwani a Zango. Mijinta Alhaji ɗan kasuwar Kano ne da ya zauna a nan, hatsi yake sayarwa, kun ga shi fari bai zo masa da mugun nufi ba. Manyan biro, wato manyan ma'aikatan gwamnati, suna zuwa shan shayi a ɗakin baƙinsa, inda na jera musu furanni a manyan tulunan tangaran, yawancinsu farare, kuma dole su tsaya ƙyam ko duniya za ta tashi. Ba zan yi wa Hajiya ƙarya ba tana kabari: tana ciyarwa. Zaurenta cike yake da danginta da na Alhaji. Sai dai wanda ta san sunan kakansa take ciyarwa, kuma mabuɗin mangaza, ɗakin ajiyar hatsi, yana rataye a wuyanta, har wanka da shi take shiga. A shekarar ta canza al'ada. Ta ce ko cokali ɗaya na gari ba zai fita gidanta ba. In zo da ƙarafana in dama a tsakar gida, ita za ta auna, in an gama a wanke tukunyar a gabanta, ruwan wankin a ba ragonta. Na ce to. Ina da yara a gida, kuma ba wani gidan da ke kira na.

Mai riƙe mini muciya a gidan ita ce Habsu, 'yar aikatau, mutuniyar Garagumsa. Doguwa ce, ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Shanunsu sun mutu, mijinta ya tafi kudu neman abinci, shiru. Tana da ɗa, Laminu, wanda aka yaye saboda nono ya ƙafe, ba don lokaci ya yi ba. A bukka take barinsa, wurin wata tsohuwa, domin Hajiya ta ce hannu biyu ta ɗauka aiki, ba baki biyu ba. Abincin Habsu ƙanzo ne, kuma a cikin gidan za ta ci, a gaban mutane. Da yamma in za ta fita sai an kwance bakin zanenta an duba. Ita ce mai share ɗakin baƙi da goge tuluna.

Tayarwar da muke yi jefi-jefi sai ta koma kowane mako. In tayar ranar Laraba, kafin wata Larabar farare sun kwanta laƙwas. Hajiya ta ce ɓeraye ne, su ma yunwa ta koro su gari. Na ce haka ne. Amma da na warware damin a hannuna na san ba ɓera ba ne. Ɓera yana gaigaya, ya bar kashi. Waɗannan an zare su daga waya ne, an jiƙa, an matse, an busar, an mayar, har an yi ƙoƙarin lotsa su da babban yatsa. Kuma farare kaɗai, masu galura ba a taɓa su ba. Ni dai ban taɓa ganin ɓera mai ladabin mayar da abu inda ya ɗauka ba. Na ja bakina na yi shiru, don aikin kowane mako ya fi mini, wanda ke yin sa kuwa Allah ya ƙara masa basira.

Wata Laraba muna tsakar gida, tukunya a wuta, Habsu tana juyawa, sai Hajiya ta fito daga ɗaki da ƙullin takarda a hannu.

"Mariyama, ungo. Maganin ɓera ne, Alhaji ya sayo. Zuba a ciki."

"A cikin me, Hajiya?"

"A cikin sitatin mana. Wani Bakano mai kawo furanni kasuwa ya ce haka suke yi a can. Ɓera ya lasa sau ɗaya, ya huta, mu ma mu huta."

Muciya ta tsaya. Sitati ba a tsayar masa da hannu, Habsu kuma ta sani, don na sha yi mata faɗa a kai. Na juya zan yi mata tsawa sai na ga fuskarta. Ba ni take kallo ba, ba Hajiya ba. Goranta take kallo, wanda ke rataye a jikin bango, goran da Hajiya ta yarda ta cika da ruwa kowace yamma ta tafi da shi bukka. Shi kaɗai ne ba a dubawa a ƙofa, don wa zai leƙa cikin gora? Nan na gane inda sitatina yake zuwa. A cikin goran take jiƙa furen in ta shiga shara, da yamma ta tafi da farin ruwan ta tafasa wa yaron.

Tun da nake ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. In na zuba, uwar ta gani, ba za ta ba shi ba, amma ɗan abin da ke riƙe da ransa ya yanke ke nan. In na ce Hajiya ba ɓera ba ne, a kori Habsu, ba ƙanzo ba gora. In na ƙi kawai, a kira Bakano, shi kuwa zai zuba har ya ƙara.

Na ce, "Hajiya, Bakanon nan furen takarda yake sayarwa ko na siliki? Maganin nan yana cin siliki. Fararenki za su koma kamar haƙoran mai cin goro."

Ta ce, "Ke dai ba ki son duk abin da ba Iya Fanna ce ta koya miki ba."

"To, a gwada a ɗaya."

Na ɗebi sitati a murfin gwangwani, na barbaɗa maganin, na juya da tsinke. Na sa hannu a jakata wai ina neman guntun siliki, na dangwala babban yatsa a ƙullin gangamau. Na tsoma farin ganye a murfin, na murza shi tsakanin yatsu ina kallon sama kamar mai addu'a. Ya fito rawaya sosai. Hajiya ta yi salati.

"Ka ji ɗan banza! Da ya ɓata mini kaya!"

Na ce a zuba maganin a fasasshen kasko a tura ƙarƙashin kujeru, ai ɓera ta ƙasa yake zuwa. Na haƙa rami na binne murfin da ganyen, na wanke hannuna da toka har fata ta yi zafi. Ina cikin murna sai Hajiya ta ce, "Na ji. Amma mako ɗaya na ba ki. In Laraba ta zo na ga sun kwanta, Bakano zan kira. Su yi rawaya su yi shuɗi, su dai tsaya."

To ga sana'a, ku masu koyo kafin shayi ya tafasa. Fure dole ya tsaya, sitati kuma dole ya fita daga gidan. Ina gasa ganye ina tunani har na ƙona wasu, abin da rabona da yi tun Iya tana da rai. Da muka zo mayarwa a tulu sai na ce, "Hajiya, na gano sauran abin da ke kwantar da su. Gindinsu ne ba shi da ƙarfi. Yashin nan da ke cikin tulu yana shanye ƙarfin fure ta waya. Madam ɗin Iya ba ta sa yashi, ciko take yi."

Wallahi ban taɓa jin wani abu wai shi ciko ba sai da ya fito daga bakina.

"Mene ne kuma ciko?"

"Farin ƙyalle ne mai tsabta. A tsoma a sitati mai kauri, a shanya, a sake tsomawa, a sake shanyawa, har ya yi tauri kamar ƙanzo, a cusa a tulu ya riƙe wayoyi. Sai dai shi ma yana sakewa. Kowane mako sai an sabunta."

"Gari nawa zai ci?"

Na faɗa mata. Ta dafe mabuɗin wuyanta.

"Wannan fure ne ko doki?"

Na ce, "Hajiya, manyan biro ne fa ke zama a gabansa."

Ta yi tsaki, ta tafi ta buɗe mangaza.

Da rana ta yi, ciko ya bushe, muna ɗakin baƙi mu biyu, ina cusawa Habsu tana riƙe mini tulu. Ban dube ta ba na ce, "Ɓeran nan, in yana da hankali, ya bar furen sama. Abin da ke cikin tulu ya fi auki. Ya riƙa ɓantara kaɗan-kaɗan daga ƙasa, ya bar na baki yadda yake. Kada ya kusanci kaskon da ke ƙarƙashin kujera, kuma in ya yi shara ya wanke hannu sosai."

Ta ce, "Ban san abin da kike faɗa ba, Yaya."

"Ni ma ban sani ba. Ɗan ɓeran fa, yana iya zama?"

Habsu ta gyara riƙon tulun. Sa'an nan ta ce, "Jiya ya zauna."

Iyakar maganar da muka taɓa yi a kai ke nan, har ta bar duniya.

Laraba ta zo, furanni suna tsaye ƙyam. Hajiya ta ce maganin Alhaji ya yi aiki. Wasu ɓeraye ma sun mutu, bayin Allah, sun tafi a kan laifin da ba nasu ba. Ciko kuwa ya ci gaba da ci, ni kuma na ci gaba da ƙara masa ilimi. Na ce rogo kaɗai ba ya riƙe shi, sai an haɗa da garin gero. Daga baya na gano yana son ɗan gishiri, saboda gara. Can kuma na tuna madam tana zuba ɗan man gyaɗa, saboda tsatsar waya. Duk abin da na jingina wa madam ɗin nan, Hajiya ta yi ƙunƙuni ta auno. Allah ya sani matar nan ko sunanta ban sani ba. Da farin ya ƙara daɗewa, da sai na ce ciko yana son nama.

Kada ku ce abin ya tafi a banza. Hajiya ba ta da ciki, abin da ya shiga kunnenta da safe yana kasuwa kafin azahar. Duk gidan suna ko na gaisuwar mutuwa da ta shiga sai ta ce, "Mariyama ta iya fure, amma furenta ya fi doki ci." Mata suka ɗauka. Da ruwa ya dawo, gidaje suka buɗe, da yawa ba su kira ni ba. Waɗanda suka kira kuwa sai su auna gari su zauna su zuba mini ido, wata har ta taɓa leƙa jakata wai tana son ganin almakashin Iya. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Ba wadda ta fi ni hannu a garin nan, amma aka bar ni da sunan mai cin garin mutane. Har yau tsofaffin Zango Mai Doki suke ce mini, jikokina suna zaton kakansu ya taɓa mallakar doki.

Ranar da Habsu za ta koma Garagumsa, bayan an yi shuka ta tsira, ta biyo ta gidana. Ranar na fara ganin yaron, a goye, ƙaton kai a kan siririn wuya, yana tsotsar bakin zane. Muka gaisa, ta sha ruwa, ta tafi. Daga nan duk kaka sai ta zo gari da tiyar gero, kwanon awo guda, ta ajiye mini a bakin ƙofa, mu yi hirar ciwon ƙafa da tsadar gishiri. Ba ta taɓa cewa na mene ne ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Yaron ya girma a idona, ya tafi Kano ya koyi kasuwa, ya dawo da kamiyo, babbar mota, shaƙe da furen roba. Ya buɗe kanti babba a bakin kasuwa. Cikin 'yan shekaru ba wanda ya sake neman mai tayarwa a Damagaram. Ƙarafan Iya suna nan a cikin gwangwani, da babban nake daka tafarnuwa. A kantinsa su Zalika suke shirin sarin kaya. Ban gaya musu shi ne yaron ba, a nan ma ba sunansa na gaskiya na sa ba. Uwarsa ba ta faɗa masa ba, ba ni zan faɗa ba.

Yana da ladabi, wannan ba zan hana shi ba. Da Sallar da ta wuce ya zo gaishe ni, a matsayin ƙawar marigayiya uwarsa. Ya cika ƙofar ɗakina, shaddarsa tana ƙara, wuyan nan ya yi ninki a baya. Ya durƙusa da ƙyar ya miƙo mini dami a leda.

"Inna, ga shi ki sa a ɗaki. Ku dai kun sha wahala a zamaninku. Wannan ba sitati, ba ƙona hannu, ba tayarwa. Yadda kika gan shi haka zai zauna. Ko ɓera ba ya kula shi."

Na karɓa, na dube shi, na dubi wuyan. Na cisge ganye ɗaya daga farin, na sa a baki na tauna.

"Inna! Lafiya? Ai ba a ci!"

Na ce, "Na sani, ɗana. Dubawa nake." Na tofar a tafin hannuna. "Gaskiyarka, ba komai a jikinsa. Allah ya sa kada a sake shekarar da wani zai nema."

Ya ce amin yana dariya, ya shafa tumbinsa, ya yi mini sallama. Damin yana nan a kan akwatina, a miƙe, ko ɗaya bai gaji ba.